DAƁEN ƘUGU: TSOKAR DA KE RIƘE DA KAYAN CIKINMU



Akwai wata tsoka a jikin ɗan Adam wadda ido ba ya ganinta, baki kuma yana jin nauyin ambatonta. Ita ce ke riƙe hitsari da bayan gida har mutum ya kai inda ya dace. Ita ce ke tallabe da cikin mace wata 9, ita ce kuma ke buɗewa ta ba ɗa hanya ranar haihuwa. In tana lahiya, ba mai tunawa da ita. In ta lalace, sai mace ta bar zuwa kasuwa, ta bar zuwa biki da suna, ta koma ƙuryar ɗaki da tsumma, ba ta faɗa wa kowa ba. Don haka muka ga ya kamata a yi maganarta a hili a wannan wata. A yi mana haƙuri, za mu ambaci wuraren da ake jin kunya. Kunya ado ce, amma ba ta warkar da ciwo.

INA TAKE?

Ku ɗora hannu biyu a ƙugu. Ƙashin da kuka taɓa dama da hagu shi ne ƙashin ƙugu. Ya zagaya kamar zobe. Ta gaba ya haɗu a ƙasan mara. Ta baya ya haɗu da ƙarshen ƙashin baya. Ta ƙasa yana da kusurwa 4: ƙashin mara a gaba, ɗan guntun ƙashin wutsiya a baya, sai ƙasusuwan zama guda 2, waɗanda mutum ke ji in ya daɗe zaune bisa turmi ko dutse.

Wannan zobe na ƙashi kamar ƙwarya yake wadda aka yanke wa gindi. A cikinta akwai mahitsara daga gaba, da ƙarshen hanji daga baya. Ga mace kuma akwai mahaifa a tsakaninsu. Bisa su duka ga sauran hanji ya danno. To, me ya hana su zubowa? Tsoka ce aka shimhiɗa daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta ruhe gindin ƙwaryar. Lokotoro suna kiranta da sunan da ke nuhin daɓen ƙugu, mu ma haka za mu kira ta. In kin ji ungozomar likita ta ce "perine" da Faransanci, wannan wurin take nuhi. Sai dai ba ta da tauri irin na daɓen ɗaki. Ta hi kama da ragaya, wadda ke rataye tana ɗauke da ƙoren nono. Tana ɗan lotsawa in kaya ya yi nauyi, tana komawa in an rage.

Makiyaya za su gane wannan da sauri. Dabba mai ƙafa 4, kayan cikinta bisa fatar ciki suke kwance, irin wannan tsoka kuwa aikinta ya hi yawa wajen motsa wutsiya. Mu da Allah ya tsayar bisa ƙafa 2, nauyin ya koma ƙasa. Tsokar da ke kaɗa wutsiya ga tunkiya, ga mutum ita ce aka ɗora wa kaya.

YADDA AKA SAƘA TA

Daɓen ƙugu hawa biyu ne, na ciki da na waje.

Hawan ciki shi ne babba. Sunansa a littattahan likita yana nuhin "mai ɗaga dubura". Yana da igiya 3 a kowane gehe, dama da hagu.

Igiya ta farko ta tashi daga bayan ƙashin mara, ta zagaya bayan ƙarshen hanji, ta dawo ƙashin mara, kamar yadda majanyi ke zagaye goyo ya dawo gaban uwa. Kullum tana jan hanjin zuwa gaba, ta lanƙwasa shi. Kun ga yadda mai lambu ke lanƙwasa tiyo ruwa ya tsaya? Haka take tsayar da bayan gida. In mutum ya tsuguna, majanyin ya saki, hanya ta miƙe. Saboda haka tsugunon da muka gada ya hi zama bisa kujera sauƙi wajen biyan bukata.

Igiya ta biyu ta tashi daga ƙashin mara, ta bi gehen ƙofa dama da hagu, ta nuhi ƙashin wutsiya. Igiya ta uku mai faɗi ce, marar kauri. Ta taso daga bangon ƙugu ta haɗu da ƴar'uwarta a tsakiya, suka yi kamar faifai, kayan ciki suka kwanta a bisa. Bayan su akwai wata ƙaramar tsoka da ta cike saura wajen ƙashin wutsiya.

Hawan waje yana ƙarƙashin fata. A nan ne ake samun tsoka mai zagaye, wadda ke tsuke ƙofa kamar yadda ake zuge bakin jaka. Dubura tana da irin wannan zobe 2. Na ciki yana aikinsa shi kaɗai, ko mutum na barci. Na waje yana bin umarnin mai shi. Hanyar hitsari ma tana da nata zoben. Tsakanin gaba da dubura kuma akwai wani ƙulli mai ƙwari inda igiyoyi da yawa suka haɗu, kamar ƙullin da ke gindin ragaya. Wannan ƙulli shi ne ke yawan yagewa wajen haihuwa.

Namiji yana da ƙofa 2 da suka ratsa daɓen: ta hitsari da ta bayan gida. Mace tana da 3, don akwai ƙofar haihuwa a tsakiya. Ƙugunta ya hi na namiji faɗi. Hanyar hitsarinta kuma gajera ce, wajen santimita 4, ta namiji kuwa ta kai wajen 20. Ga haihuwa a bisa. Shi ya sa wahalar wannan wuri ta hi samun mata.

Tsoka ba ta motsi sai da saƙo. Jijiyoyin da ke kai mata saƙo suna hitowa daga ƙarshen ƙashin baya, su bi ta cikin ƙugu. Su ne kuma ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa mahitsara ta cika, ko abin da ya zo ƙofa iska ce ko bayan gida. In jijiyar ta ji rauni, tsokar tana nan amma ba ta jin kira.

Zaren tsokar kuma iri biyu ne. Wajen 7 cikin 10 halin raƙumi gare su: ba su sauri, amma suna wuni su kwana ɗauke da kaya ba su gaji ba. Sauran halin doki gare su: suna zabura nan take su tsuke in an yi tari ko atishawa, amma ba su daɗewa. Ku riƙe wannan, don zai yi mana amfani in mun zo ga motsa ta.

AIKINTA

Na ɗaya, ɗaukar kaya. Tana tallabe da mahitsara da mahaifa da hanji dare da rana.

Na biyu, ruhe ƙofa. Mahitsarar babban mutum tana ɗaukar wajen rabin litar. Duk lokacin da aka yi tari, ko dariya, ko aka ɗaga buhu, ciki yana matsa ta. In daɓen ya tsuke kahin matsin ya iso, ko ɗigo ba ya hita.

Na uku, buɗe ƙofa. Tsokar kirki ita ce wadda ta iya kamawa ta kuma iya saki. In ba ta saki ba, hitsari da bayan gida ba su hita sarai.

Na huɗu, taimakon baya da numfashi. Akwai wata tsoka mai faɗi ƙarƙashin huhu, ita ce murhin ciki. In an ja numfashi, murhin ya sauka, daɓen ma ya ɗan sauka. In an hitar, su biyu su hau. Su da tsokar ciki da ta baya ne ke ɗaure tsakiyar mutum lokacin noma da daka da jan guga.

Na biyar, zaman aure. Tana da hannu wajen ƙarhin namiji da jin daɗin mace.

RANAR HAIHUWA

Tun kahin naƙuda, daɓen ya riga ya sha aiki. A wata na 9, jinjiri ya kai kilo 3 ko hiye, ruwan da yake ciki wajen litar 1, mabiyiya rabin kilo, mahaifa kanta wajen kilo 1. Kilo 5 zuwa 6 kenan. Jiki kuma yana sa igiyoyi su yi laushi don shirin haihuwa.

In naƙuda ta zo, kan ɗa yana sauka ya dira bisa daɓen, daɓen ya juya shi ya huskanci hanya. Daga nan sai tsokar ta buɗe. A shekarar 2004 masu bincike na jami'ar Mishigan a Amurka sun yi lissahi, suka ga igiyar da ta hi kusa da ƙofa tana miƙewa hiye da ninki 3 na tsawonta. Ba wata tsoka a jiki da ake nema wa irin wannan. Ga mafi yawan mata, tana komawa a hankali. Ga wasu kuwa, daga 1 zuwa 3 cikin 10 a haihuwar fari, wani sashe nata yana ɓallewa daga ƙashin mara ta ciki, ba a gani da ido.

Akwai kuma ƙarin da ake gani. Wani fata kaɗai ya taɓa. Wani ya shiga tsoka. Wani ya kai zoben dubura. Irin na ƙarshen nan, in ba a ɗinke shi da kyau nan da nan ba, mace za ta kasa riƙe iska, wani lokaci har bayan gida. Ruwan bagaruwa ba ya haɗa tsokar da ta rabu. Sai an ɗinke, kuma ɗinkin aikin wanda ya koya ne. Wannan yana cikin dalilan haihuwa a gidan likita.

ABIN DA KE RAUNANA TA

Haihuwa da yawa kusa da kusa. Binciken ƙasa na shekarar 2012 ya nuna macen Nijar tana haihuwa tsakanin 7 da 8 a rayuwarta. Na shekarar 2021 ya nuna kaɗan hiye da 6. Ragayar da ake ɗora wa kaya ba hutu, tilas ta saki. Iyayenmu sun san illar kwanika, wadda wasu ke kira rurrutsa. Hukumar Lahiya ta Duniya ma shawararta ita ce a bar aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani ciki.

Haihuwa tun ƙugu bai gama girma ba. Yarinya tana fara ganin al'ada, amma ƙashin ƙugunta yana ci gaba da faɗi shekaru bayan haka. Binciken 2012 ya nuna mata 3 cikin 4 na ƙasarmu an yi musu aure kahin shekara 18.

Doguwar naƙuda, da sa mace nishi tun ƙofar mahaifa ba ta gama buɗewa ba, da danna mata ciki da hannu ko da wani abu don ɗa ya hito.

Kaya mai nauyi, musamman da ɗanyen jego. Bido mai litar 25, kilo 25 ne. Ga damin icce, ga daka, ga jan ruwa a rijiya mai gaba 20 ko 30.

Taurin bayan gida. Yunƙurin kowace sahiya yana tura daɓen ƙasa yana jan jijiya.

Tari mai daɗewa, na hayaƙin murhu, ko na taba, ko tarin huka. Tarin da ya wuce sati 2 a kai shi a auna.

Ƙiba mai yawa, da tsufa. Bayan al'ada ta ɗauke, naman wurin yana rage kauri. Shi ya sa raunin da aka samu a haihuwar fari wani lokaci ba ya bayyana sai mace ta yi jikoki.

CIWO UKU DA BAI KAMATA A HAƊA SU BA

Na farko, ɗigon hitsari. Mace tana riƙe hitsarinta, amma in ta yi tari, ko dariya, ko ta ɗaga tulu, sai kaɗan ya kuɓuce. Wata kuma in ya matse ta ba ta iya kaiwa makewayi. Wannan raunin tsoka ne ko gaggawar mahitsara, kuma motsa tsoka yana yi masa magani ƙwarai. Kada mace ta rage shan ruwa don shi, don hitsari mai kauri yana ƙara tsikarar mahitsara. Wadda ke damuwa da alwala ta tambayi malamai, don mai irin wannan lalura yana da sauƙi a hukuncin tsarki.

Na biyu, saukowar mahaifa. Mace tana jin nauyi a ƙasa, kamar ta zauna bisa ƙwai. Da sahe da sauƙi, da marece ya ƙaru. In ya yi nisa, sai wani nama ya leƙo waje. Wani lokaci mahitsara ce ko hanji ya turo bango. Makiyaya sun san irinsa ga saniya da tunkiya bayan haihuwa, kuma ba wanda ya ce aljani ne ko jifa. To, ga mutum ma haka. In bai yi nisa ba, motsa tsoka yana rage shi. Akwai zoben roba da ake sa wa mace a gidan likita ya tokare mahaifa, ana duba shi lokaci lokaci. In ya yi nisa, ana yin aiki. Amma kayan matsi da ake cusawa, da alif, da kanwa, da garin saiwa, ba su kai ga tsoka. Fata kaɗai suke busarwa, wani lokaci su ƙona ta.

Na uku, yoyon hitsari. Wannan daban yake. In ɗa ya kahe a ƙugu kwana da kwanaki, kansa yana danne naman da ke tsakaninsa da ƙashin mara. Jini ya daina zuwa, naman ya mutu. Bayan ƴan kwanaki ya ruɓe ya faɗi, ya bar rami tsakanin mahitsara da ƙofar haihuwa. Sai hitsari ya riƙa zuba dare da rana, ko tana kwance. Wata ramin ta wajen hanji yake. Wata kuma ƙafarta ta mutu don jijiya ta danne. Galibi ɗan ma ba ya zuwa da rai. Motsa tsoka ba ya toshe rami. Amma ciwon yana warkewa. In an kai mace da wuri, ƙaramin rami yana iya haɗewa da robar hitsari da ake sa mata na wasu makonni. In ba haka ba, a ɗinke. Akwai cibiyar ƙasa ta masu yoyon hitsari a Yamai. Akwai asibitin Danja kusa da Maraɗi, wanda aka buɗe sashensa na yoyon hitsari a shekarar 2012. Akwai cibiyoyin lahiyar uwa da ɗa a Damagaram da Tawa da Maraɗi. A fara da CSI na kusa, su za su nuna hanya. Tun shekarar 2013 duniya ta keɓe ranar 23 ga watan Mayu don yaƙi da wannan ciwo.

In kuwa hitsari yana zahi, ko da jini, ko da zazzaɓi, wannan wani ciwo ne, kamar sanyin mara ko tsargiya. A tahi a auna.

IN TSOKA TA ƘI SAKI

Ba rauni kaɗai ke damun daɓen ƙugu ba. Wani lokaci ɗaurewa yake ya ƙi saki, saboda tsoro ko zahi ko wani ciwo. Amarya ƙarama tana iya samun haka, har kwanciyar aure ta gagara. A wasu garuruwa sai a ce gishiri ne, a kira wanzami ko tsohuwa a yanka ta da aska. Haka ma ake yi wa wadda naƙuda ta daɗe. Ƴan'uwa, bayan wannan fatar da ake yanka, hanyar hitsari da mahitsara ne, kaurin da ya raba su bai kai yatsa ba. Mata da yawa sun samu yoyon hitsari ta wannan hanya, wasu jini ya kashe su. Tsokar da ta ɗaure don tsoro, haƙuri da lallashi da ganin ungozomar likita ne maganinta. Mu tuna kuma tun shekarar 2003 dokar ƙasarmu ta hana kaciyar mata, ta tanadi hukunci a kai.

YADDA AKE ƘARFAFA TA

Tsoka ce kamar ta damtse. Wanda ke noma damtsensa yana ƙarhi. Wani lokotoron mata na Amurka mai suna Arnold Kegel ya bayyana wannan hanya a shekarar 1948, har yau ana kiranta da sunansa. A shekarar 2018 masana suka tattara gwaji 31 da aka yi a ƙasashe 14. Cikin mata 100 masu ɗigon hitsari lokacin tari, waɗanda suka yi motsin, wajen 56 suka ce sun warke. Cikin 100 da ba su yi ba, wajen 6 kaɗai. Ba kuɗi, ba allura, ba kuɗin mota. Ga yadda ake yi:

1. Ki kwanta rigingine bisa tabarma, ki tanƙwashe gwiwa. Ki saki ciki da cinya.

2. Ki tsuke ƙasa kamar kina cikin taro iska ta matse ki kina hana ta hita. Ki haɗa da gaba, kamar kina riƙe hitsari. Za ki ji wurin ya tsuke ya hau ciki. In kin ji yana turowa ƙasa, ba daidai ba ne, ki saki ki sake.

3. Kada ki riƙe numfashi. Kada ki matse cinya ko ɗuwawu. Wanda ke zaune kusa da ke bai kamata ya ga komai ba.

4. Aikin raƙumi: ki tsuke ki ƙirga 1 zuwa 3, ki saki sarai ki ƙirga 1 zuwa 3. Ki yi sau 8 zuwa 10. Kowane sati ki ƙara ƙirga, har ki kai 10.

5. Aikin doki: ki tsuke da ƙarhi ki saki nan take, sau 10.

6. Ki yi haka sau 3 a rana. Ki ɗaura shi da abin da ba ki mantawa, kamar shayar da ɗa ko jiran tukunya ta tafasa. In kin iya a kwance, ki koma yi a zaune, daga baya a tsaye.

7. Kahin ki yi tari ko atishawa, kahin ki ɗaga tulu ko yaro, ki fara tsukewa. Wajen ɗaga kaya ki durƙusa da gwiwa, ki hitar da numfashi kina tashi.

Kada a mai da tsayar da hitsari a tsakiya ya zama motsin kullum, don yana hana mahitsara zubar da duka. Kada kuma a yi gaggawa. Sai an yi wata 3 ba fashi kahin a ga amfani sosai, in an bari kuma tsokar ta koma. Yau da gobe kan sa allura ta haƙa rijiya. Mai ciki tana iya yi, yana rage mata ɗigo. Mai jego tana iya farawa a hankali bayan ƴan kwanaki, in ba ya yi mata zahi. Wadda tsokarta ta ɗaure tana ciwo, ita saki take bukata, ta fara ganin likita. Wadda ba ta jin komai in ta tsuke, ta roƙi ungozomar likita ta duba ta.

MAZA MA SUNA DA ITA

Namiji in ya tsuke daidai, zai ji gindin gabansa ya ja ciki, marainansa sun ɗan ɗaga. Motsin yana taimakon wanda ɗigo ke biyo shi bayan ya gama hitsari ya tashi. Yana taimakon ƙarhin namiji ga wasu. Dattijai kuma su sani, akwai wani ƙullutu kamar ƙaramin goro a wuyan mahitsara, ana ce masa purostat. Yana girma da shekaru ya matse hanya, hitsari ya riƙa hita da kyar. Wannan ba motsi ne maganinsa ba, sai asibiti. Amma bayan an yi wa mutum aikinsa, motsin yana taimaka masa ya koma riƙe hitsari.

ABIN DA YA RATAYA A WUYANMU

Mai gida, kai ne ke ba da izini, kai ne ke da amalanke. Tun ciki na wata 7 ka ware kuɗin mota, ka san wanda zai kai ku in dare ya yi. A je awon ciki. Naƙudar da ta wuce awa 12 ba a ga ɗa ba, a ɗauki mace a tahi. Kada rana ta hito sau biyu a kan mai naƙuda. Tun shekarar 2005 gwamnati ta yanke cewa aikin hid da ɗa ta ciki kyauta ne a asibitocinta. Tsoron aiki ya kashe mata da yawa, aikin kuwa ya ceci da yawa.

Iyaye mata da surukai, kun saba yabon yarinyar da ta yi haihuwar fari ba ta yi kuka ba. Amma shirunta kada ya sa a ƙi ƙirga awa. Al'adarmu ta hutun arba'in kuwa ku riƙe ta da kyau. Lokotoro ma sati 6 suke cewa, kwana 42 kenan, kusan ɗaya ne. A cikin kwanakin nan a ɗauke wa mai jego daka da rijiya da icce. Ruwan zama ya zama mai ɗumi da tsabta, kada ya ƙona. A ba ta ruwan sha da yawa, da miyar kuka da kuɓewa da yakuwa, da zogala da wake, don bayan gida ya yi taushi.

Ƴan'uwa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in bai faɗa ba, ba mai kawo masa shuci. Matar da wannan lalura ta samu wajen haifa mana ƴaƴa ta samu. Ba ta cancanci saki ba, ba ta cancanci a ware mata ƙwarya ba. A tambaye ta da hankali, a raka ta gidan likita. Mata masu karatu, ku karanta wa ƴan'uwanku wannan a cikin gida, inda za su iya tambaya ba nauyi. Ku gwada motsin tare, ku koya wa ƴaƴanku mata tun kahin cikin fari. Rigakahi ya hi magani.

Allah ya ba mu lahiya, ya sauki masu ciki lahiya.